Fulin da Ya Dace da Kowace Mota

Tun daga yammacin da aka fara jifan gidan Alhaji Maitama, a gindin tudun Mpape da ke Abuja, kwanciyar hankali ta bar gidan ba ta sake dawowa ba. Ko da yake, a faɗi gaskiya, ko kafin nan ba kullum take kwana a gidan ba, domin akwai motar.

Tsohuwa ce, koriya, ƙirar Jamus, ta shekarar 1981. Mahaifinsa ne ya saye ta sabuwa. Da aka zo rabon gado 'yan'uwansa suka ɗauki gonaki da shaguna, shi kuwa ya ce a bar masa mota, kuma ba wanda ya tsaya yi masa gardama. Shekara talatin da biyar ya yi a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ya kai mataimakin darakta, ya yi ritaya. A mako na biyu wayarsa ta daina ƙara. Abin da ya rage a duniya mai jiran hukuncinsa shi ne motar nan.

Tana tashi, tana kuma tafiya. Hawa ne ba ta yi. Tsakanin ƙofar gidan da babban titi akwai tudu guda, kuma a kan tudun nan 'yan acaba sun wuce Alhaji, masu Keke sun wuce shi, wata rana har mai tura kurar ruwa ya wuce shi ya gaishe shi cikin ladabi. Matarsa Umma ta taɓa saukowa da kayan biki ta ƙarasa hawan da ƙafa, ta tsaya a sama tana jiransa. Daga ranar ta yanke magana: in watan nan ya ƙare motar ba ta hau tudun kamar kowace mota ba, za ta kira 'yan gwangwan su auna ta.

Bakaniken motar, Yamusa, mutumin ƙauyukan nan ne da birnin ya zo ya same su, kuma ya fi shekara ashirin yana kwanciya a ƙarƙashinta. Shi ya gano ciwon. A saman inji akwai wani sandan ƙarfe, kamshaf, mai buɗe bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, da rufe su, kuma bel mai haƙora ne ke juya shi ta kan wani fuli, faifan ƙarfe mai ramukan da haƙoran bel ke shiga. Sau biyu an taɓa goge kan injin saboda zafi, ya ɗan yi ƙasa, don haka bawul ɗin suka koma buɗewa a makare, kamar ma'aikatan ranar Litinin. Shi ne abin da bakanikai ke cewa taimin ya yi baya.

Alhaji ya tafi ya yi bincike, ya gano akwai fulin da ake iya daidaitawa. Gida biyu ne, na ciki da na waje. A kwance kusoshi biyar, a ɗan murɗa gaba ko baya, a ɗaure. Ya yi odarsa daga waje. Ya iso cikin kwali, shuɗi, yana sheƙi, da 'yan layukan awo a gefensa. A jikin takardar da ta biyo shi an rubuta cewa ya dace da duk injin wannan ƙirar, daga 1976 zuwa 1992.

Yamusa ya juya shi a hannu, ya sa babban yatsa a ramin haƙoran.

"Oga, wannan ba na motan ka ba ne."

"A rubuce yake, Yamusa."

"Na ga rubutu. Amma duba haƙori. Bel ɗin ka haƙorin shi mai kwana ne, kamar bulo. Wannan ramin shi zagaye ne, na sabon model. Zai shiga, amma ba zai zauna ba. In ya yi tsalle, fistin zai haɗu da bawul, kuma wannan kan inji babu irin shi ko a kasuwan Ladipo na Legas. Ni ba zan sa ba."

Alhaji ya saurare shi da irin haƙurin da yake yi wa ƙananan ma'aikata. Shekara talatin da biyar sun koya masa abu guda: abin da aka faɗa da baki ra'ayi ne, abin da ke kan takarda shi ne gaskiya. Ya sallami Yamusa da godiya, ya ce zai sa da kansa.

Ranar Asabar ya sa. Tsohon fulin, baƙi mai tsatsa, ya ajiye a bakin rariya. Rana ta yi ja a bayan duwatsu lokacin da ya ɗaure kusa ta biyar. Umma tana tsakar gida tana gyaran alayyafo. 'Yarsu Rukayyat, wadda ta gama karatun lauya tana jiran kiran makarantar horo, tana kan tabarma da waya a hannu. Bayan katanga janaretan maƙwabcinsu Justice ya yi tarin da ya saba yi kowace magariba, ya yi sau uku, ya mutu. Shiru ya sauka a unguwar, irin mai nauyi, wanda a cikinsa ake jin jemagu suna fita.

Alhaji ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Motar ba ta ce komai ba. Batirin da ya cika da safe ya zama kamar dutse.

Sai wani abu ya faɗo a kan kwano.

Ya gangara a hankali, ya tsaya a bakin indararo. Na biyu ya biyo. Daga nan suka yi ta zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba da gaggawa ba, kamar wanda ke jifan yana da sauran lokaci. Umma ta saki wuƙa.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Masu fasa dutse ne," in ji shi. "Ba yau suka fara ba."

Bayani ne mai kyau, kuma ya yi aiki har gari ya waye. Da safe da aka share tsakar gida ba a samu dutse ko ɗaya ba. Notuna ne, da wasoshi, da tsofaffin fulogai, har da wata sifana mai lamba goma da Alhaji ya ɓatar tun zamanin soja, wadda a kanta ya taɓa korar mai gadi.

Haka aka yi kwana huɗu. Da rana gidan lafiya lau, kamar kowane gida. Da zarar inuwar katanga ta kai tayar motar, sai kaji su shige akurki tun ba a kore su ba, janaretan Justice ya yi tarinsa ya mutu, jifa ta fara. Alhaji ya sayo sabon batir, ya mutu kafin isha'i. Makullin motar ya ɓace, aka same shi a cikin tukunyar miya, an goge shi tsaf. A yammaci na uku suka fara jin murya daga ƙarƙashin bonet, ƙasa-ƙasa, ta tsoho, yana ƙirga wani abu. Yakan kai arba'in da huɗu, ya yi ajiyar zuciya, ya koma farko. Alhaji ya ce ƙarfe ne ke hucewa. Umma ta ce injin da bai tashi ba, da me ya yi zafi? Bai amsa ba, domin tambayar ba ta zo ta hanyar da ta dace ba.

A yammaci na biyar aka nemi Rukayyat a ɗaki ba a gan ta ba. Tana tsaye gaban motar, ba takalmi, ba ɗankwali, tafin hannunta a kan bonet kamar mai duba zazzaɓin yaro. Umma ta kira ta sau biyu. Da ta juyo idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Kada a tayar da ita," in ji ta, da muryar tsohon nan mai ƙirga.

Wannan yarinya ce da ta taɓa tambaya ko ruwan lagireto shi ne na wanke gilashi. A daren nan ta ƙi cin abinci, ta zauna a ƙasa tana zana haƙora da yatsa, jeri mai kwana a sama, jeri zagaye a ƙasa, tana gogewa, tana sakewa. Aka kai ta asibiti washegari. Likita ya auna komai ya ce gajiya ce da yawan tunani, ta rage kallon waya. A hanyar dawowa ta gaya wa direban tasi cewa bawul ɗinsa na uku yana buƙatar gyara. Direban ya ce haka ne, sannan ya ƙi ɗaukar su a karo na gaba.

Kwana uku Rukayyat ba ta yi barci ba, ta rame, leɓenta ya bushe. Umma ba ta nemi izini ba, ta aika Mararaba aka kira Malam Manniru.

Malam Manniru mai ruƙya ne, ya yi karatu mai zurfi, ba ya ihu, ba ya duka. Ya ce zai zo bayan la'asar, amma cunkoson Nyanya ya riƙe shi, bai iso ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Ya kashe wayoyinsa biyu, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Rukayyat, uwarta na riƙe da kafaɗarta. Ya fara karatu a hankali. Kajin suka shige. Janaretan Justice ya mutu. Ba a yi jifa ba a ranar. Shirun ya fi jifar tsoro.

Can jikin yarinyar ya sandare, kanta ya sunkuya, muryar ta fito.

"Ya isa, Malam. Ina jinka. Ba kurma ba ne ni."

"Wane ne kai?"

"Sunana ba zai gyara taimin ba."

"Musulmi ne?"

"Tun kafin a haifi kakanka."

"To me ya kai Musulmi jikin 'yar mutane?"

"Baki nake nema," in ji muryar. "Na kashe batir, ba a gane ba. Na dawo da duk notin da aka ɓatar a gidan nan, ba a gane ba. Na ƙirga haƙora da ƙarfi har makogwarona ya bushe. Me ya rage?"

Malam ya tambaye shi daga ina ya zo. Aljanin ya ce a 1983 marigayi, mahaifin Alhaji, ya tsaya sallah a gindin wata tsamiya a hanyar Zariya, ya bar bonet a buɗe don inji ya sha iska. Shi kuma ya leƙa, ya ga wuri mai ɗumi da tsari, kowane abu yana zuwa a kan lokacinsa, abin da bai taɓa gani a ƙasar nan ba. Ya shiga bai sake fita ba.

"Marigayi mutum ne," in ji shi. "Yana sauraron inji kafin ya yi magana. Kai kuwa, Maitama, sau biyu ka bar ta ta tafasa. Kana tsammani addu'arka ce ta riƙe bel ɗin nan shekara goma sha ɗaya ba a canza ba? Hannuna ne."

Alhaji, wanda tun farko yake tsaye nesa kaɗan da hannu a baya, ya matso.

"Me kake so?" in ji Malam.

"A cire shuɗin nan, a mayar da tsohon. Ta ci gaba da hawa tudu a hankali. Ba wanda ya taɓa mutuwa don ya isa titi a makare. Ku yi haka, in saki yarinya yanzu, in koma wurina."

Sharaɗi ne mai sauƙi, har Malam ya ɗan yi mamaki. Alhaji ya dubi bakin rariya. Babu komai a wurin. Ya dubi Umma.

"Wannan baƙin ƙarfen?" in ji ta. "Mai sayen gwangwani ya wuce ranar Lahadi. Na haɗa masa da tsohon risho. Ya ba ni bokiti."

Duk suka waiwaya. Bokitin yana nan gefen famfo, ja, sabo.

"To a sayo bel mai zagayen haƙori," in ji Alhaji, kuma wannan ne karo na farko da ya yi wa aljani magana kai tsaye.

"Sai ka canza fulin ƙasa shi ma," in ji muryar.

"A canza."

"Na sabon ƙira ba ya shiga sandan ƙasa na wannan injin. Da ka tambayi Yamusa da ya gaya maka. Ya ma fara gaya maka."

Duhu ya fara cin fuskokinsu. Daga nesa ladan ya gwada lasifika. Alhaji ya shiga ɗaki ya fito da takardar da ta zo cikin kwali, ya haska ta da fitilar waya, ya karanta da ƙarfi, daga 1976 zuwa 1992. Sannan ya dubi 'yarsa, ko abin da ke zaune a cikinta, ya yi tambayar da ya yi wa 'yan kwangila da shugabannin ƙungiyoyi da zawarawan ma'aikata tsawon rayuwarsa.

"Kai abin da kake faɗa, kana da shi a rubuce?"

Malam Manniru ya ce daga baya, shekara talatin yana wannan aiki, ya ga aljani ya yi kuka, ya ga ya yi zagi, ya ga ya yi rantsuwar ƙarya, amma ranar ce kaɗai ya ga aljani ya rasa abin cewa.

Da muryar ta dawo ta yi sanyi.

"Saura hanya ɗaya. A bar ni cikin injin. Zan danne bel ɗin da hannu, iya ƙarfina. Amma ni kaɗai ba zan iya ba, na tsufa. Sai na riƙa dawowa wurin yarinyar ina gaya muku lokacin da za a tsaya."

"Babu wannan," in ji Malam. "Za ka bar yarinyar, ka bar motar, ka bar gidan." Ya juya ga Alhaji. "Ranka ya daɗe, kada ka sa maganarsa a ranka. Aljani ba a karɓar labarinsa. Yakan faɗi gaskiya ɗaya don ya sayar da ƙarya goma. Amma gidanka ne. Kai za ka ce ya fita."

Alhaji ya dubi motar. Ko a duhu ana ganin inda hannun mahaifinsa ya cinye fatar sitiyari. Ya dubi Rukayyat, wuyanta ya zama siriri, yatsunta suna ta zana haƙora a kan tabarma. Ya yi shiru na wani lokaci. Ba mai tsawo ba ne sosai, amma Umma ta auna shi, kuma har yau tana iya faɗin tsawonsa.

"Ya fita," in ji shi.

"To a bar ni in koma janaretanku," in ji muryar. "Ƙarami ne, amma zan yi maneji."

"Ba cikin gidan nan ba," in ji Malam, ya ci gaba da karatu.

Aljanin bai yi gardama ba. Ya ce a gaida Yamusa. Ya ce man da ake zuba wa motar ya yi kauri, ko da yake yanzu ba kome. Sai ɗan yatsan ƙafar Rukayyat na hagu ya karkaɗa, ta yi atishawa sau uku, ta faɗa jikin uwarta. Wata 'yar iska ta bi ta kan katanga, ganyen gwanda ya motsa, shi ke nan. Yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji. Ina wayata?" Umma ta fashe da kuka. A cikin motar wani abu ya yi ƙara sau ɗaya, ƙaramar ƙara, irin ta ƙofar da aka ja a hankali.

Kwana biyu Alhaji bai taɓa motar ba. Amma wata ya kusa ƙarewa, kuma da ya zauna ya duba lamarin, hujjoji sun taru a gefe guda. Takarda ta ce ya dace. Malami ya ce ba a karɓar maganar aljani. A ɗaya gefen akwai bakanike da bai gama firamare ba da wata halitta da ba ta da adireshi.

Ranar Juma'a da hantsi ya sa farar shadda, ya zauna, ya murɗa makulli. Ta tashi a bugu ɗaya.

Ba ta taɓa yin irin wannan muryar ba tun yana saurayi. Ya fito da ita daga gida, ya fuskanci tudun, ya taka. Ta hau. Ta hau kamar an kira ta. Ya sa giya ta biyu, ya sa ta uku, a kan tudun da bai taɓa barin ta ɗaya ba. Ya wuce mai Keke. Ya wuce ɗan acaba, har ya yi masa hon. Masu shago suka miƙe tsaye. Umma, da ta fito ƙofar gida da niyyar yin magana, ta tsaya da hannu a baki. Waɗanda suka gan shi sun ce yana dariya shi kaɗai, kuma ba su taɓa sanin yana da wushirya ba.

Saura kamar taku ashirin ya kai titi aka ji ƙarar. Ba babba ba ce. Kamar an zubar da cokula a kan siminti. Sai shiru. Motar ta tsaya, ta ɗan yi tunani, ta fara komowa da baya a hankali, har sai da ya ja birkin hannu.

Yamusa ya zo da yamma ya buɗe injin. Bel ya tsallake haƙori huɗu. Bawul takwas sun lanƙwashe, fistin biyu sun huje, kan injin ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Bai ce ai na faɗa ba. Ya dai cire hularsa ya riƙe a hannu. Da aka gaya masa an bar masa saƙon gaisuwa, ya ce yana amsawa.

An yi wata biyu ana neman kan inji, daga Apo har Legas har Kwatano, ba a samu ba. 'Yan gwangwan suka zo ranar wata Talata da sikeli da guduma. Alhaji bai fito ba. Rukayyat ta tafi makarantar horon lauyoyi lafiya ƙalau, ba ta tuna komai, kuma har yanzu ba ta san inda ake zuba ruwan lagireto ba. Fulin shuɗin ko ƙwarzane bai yi ba. Yana kan teburin Alhaji yana danne takardun fansho. Da magariba yakan zauna a kujerar roba a inda motar take a da, gefen tabon baƙin mai da ya ƙi fita daga siminti. Ba a sake jifa ba. Ba a sake jin kowa yana ƙirga ba.

Janaretan Justice kuwa, yau wata bakwai ke nan bai mutu ba.